Garejin Gina Injin Turbo a Magazin ta Suame: Inda Aikinsu Ya Yi Kyau da Inda Ya Gaza

Magazin ta Suame, babbar unguwar garejoji da masu gyaran mota a Kumasi ta ƙasar Ghana, ba sai an gabatar da ita ga mutumin garin ba. Duk motar da ta mutu can ake ja ta a kai, kuma galibi da ƙafarta take dawowa. Sai dai tada injin tasi ko na tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya, wani abu ne, gina injin da zai ɗauki turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ya ninka ƙarfinsa, ya kuma yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Kumasi da Accra ba a sake buɗe shi ba, wannan kuma wani abu ne daban. Masu karɓar irin wannan aiki sun yi yawa tun da samari suka fara kallon motocin tsere a waya. Masu iya shi ne 'yan kaɗan.

Garejin da muke magana a kansa yana cikin lungu, idan ka bar shatale-talen Suame ka miƙi hanyar Offinso ka ratse cikin masu walda da masu sayar da kayan hom-yus, wato kayan mota na hannu da ake shigowa da su daga waje. Rumfar kwano ce da ɗaki guda mai ƙofa inda ake haɗa inji. Mastan ɗan Zango ne, da Hausa yake magana da yaransa, da Twi yake ciniki da maƙwabta. Hukuncinmu tun daga farko shi ne: a aikin ƙarfe, wato awo da haɗa ƙasan inji, sun kai a ba su amana. A saitin ƙwaƙwalwar inji kuwa, wato kwamfutar da ke sarrafa fetur da wuta, ba su kai ba, kuma mai mota ya kamata ya san haka kafin ya biya kuɗin kafin alƙalami.

Injin da suka fi taɓawa shi ne 2JZ na Toyota, mai silinda shida a jere, lita 3.0, bulok na baƙin ƙarfe, faɗin silinda milimita 86, tafiyar fistin ma 86. Dalilin yawansa a nan a bayyane yake. Tun 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, ba a shigo da mota mai sitiyari a dama, don haka motocin Japan masu 2JZ-GTE, wanda ya zo da turbo daga kamfani, ba sa zuwa a tsaye, sai dai injin kawai. Abin da ke samuwa da sauƙi shi ne Lexus GS300 da IS300 daga Amurka, masu 2JZ-GE marar turbo. Mutane da yawa suna ɗauka inji ɗaya ne, suna jin an ce 2JZ na ɗaukar ƙarfin doki 700 sai su sayi turbo su ɗaura. Ba ɗaya ba ne. GTE yana da matsi 8.5 bisa 1, wato yawan matsewar da fistin ke yi wa haɗin iska da fetur, da bututun da ke fesa baƙin mai ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. GE mai VVT-i, tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, matsinsa 10.5 ne, ba shi da wannan feshin, kuma kwanrod ɗinsa, sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf, sirara ne. Wanda ya tura masa iska mai yawa a yadda yake, kwanrod ne zai fara lanƙwashewa, in fistin bai riga shi ba.

Abin da ya fara burge mu shi ne tambayar da Masta ke yi kafin ya taɓa sifana. Wani mai IS300 ya zo da hoton turbo a waya yana cewa doki 600 yake so. Masta bai kalli hoton ba, sai ya ce, "Alhaji, wane fetur kake sha, kuma ina kake zuwa da motar?" Da ya ji cewa motar yau da kullum ce, ana zuwa da ita Tamale a wata, sai ya ce, "To doki 430 zuwa 450 zan gina maka. Fiye da haka man da ke gidan mai ba zai ɗauka ba." Wannan gaskiya ce, kuma masu gareji ƙalilan ne ke faɗar ta, domin babban turbo ya fi kawo kuɗi.

Maganar fetur ɗin tana buƙatar a tsaya a kanta, don a nan ne injuna da yawa ke mutuwa. Feturinmu RON 91 ne na gama-gari, RON 95 mai tsada; RON lamba ce da ke nuna juriyar fetur ga matsi da zafi. Lambar da ke jikin famfo a Amurka da wani lissafi ake fitar da ita: 87 ɗinsu shi ne kusan RON 91 namu, 91 ɗinsu kusan RON 95, 93 ɗinsu kuwa ya kai kusan RON 98. Saboda haka saitin da aka sauke daga intanet wanda aka rubuta masa "93" an yi shi ne don man da ya fi namu mafi kyau juriya. Idan fetur bai jure matsi da zafi ba, sauran haɗin da ke gefen silinda sai ya fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi. Shi ne ƙwanƙwasar da ake ji kamar tsakuwa a cikin gwangwani. A injin tasi tana iya yin wata da watanni ba ta yi ɓarna ba. A injin da turbo ke tura wa iska mai matsin psi 17, 'yan daƙiƙu sun isa ta fasa gadar da ke tsakanin ringi da ringi a jikin fistin, ko ta daddake metal ɗin kwanrod, siririn ƙarfen da ke tsakaninsa da karanshaf.

Bayan an kwance inji, komai awo ne, kuma a nan garejin ya fi saura. Suna da maikuromita da gejin auna cikin silinda mai agogo, kuma suna amfani da su, ba a akwati suke kwance ba. Kowace silinda ana auna ta sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, don a ga ko ta zama ƙwai ko ta buɗe ta sama. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar bulok da ta top silinda a zura fila geji; in ta wuce milimita 0.05 sai a kai a goge. Karanshaf ana fesa masa jan ruwan gano tsaga, musamman a kwanar da jonal, wato inda metal ke zama, ke haɗuwa da kumatu. Duk lambar da aka samu ana rubuta ta a littafi, shafi guda ga kowane inji, kuma suna ba mai mota kwafi. Ga wanda zai sayar da motar nan gaba, ko zai kai ta wani gari a duba, wannan takarda tana da daraja ƙwarai.

Ba su da injin borin nasu, waje suke kaiwa. Amma ba sa aika bulok sai fistin sun iso, kuma kowane fistin da lambarsa yake tafiya tare da bulok ɗin, a buɗe silinda daidai da shi. Yawanci milimita 86.5 suke zuwa. Tazarar fistin da bangon silinda ta danganta da irin ƙarfen. Fistin ƙirarre na gaurayen alminiyam mai lamba 2618 yana kumbura sosai in ya ɗau zafi, don haka yana son wajen milimita 0.09 zuwa 0.11, kuma za ka ji yana ɗan kaɗawa da safe kafin inji ya ɗumama. Na 4032 bai kai shi kumburi ba, 0.05 zuwa 0.07 ya ishe shi, ya fi shiru, ya fi daɗewa a motar yau da kullum, amma bai kai na farko jure ƙwanƙwasa ba. Takardar da ta zo cikin kwalin fistin ita ce alƙali, kuma sun san haka. Mai borin da ya saba da fistin kamfani yakan matse tazarar don yana ganin hakan ne aiki mai kyau, sakamakon kuwa shi ne fistin ya kama bango ranar farko da aka taka totur sosai. Shi ya sa in bulok ya dawo suke sake aunawa da kansu.

Wajen sauke matsi, da fistin mai kwarmi suke yi, su kawo shi tsakanin 8.5 da 9.0. Ba sa jera gasket biyu, ba sa kuma sa mai kauri fiye da kima. Dalili shi ne akwai 'yar tazara, wajen milimita ɗaya, tsakanin gefen kan fistin da fuskar top silinda, wadda ke matse haɗin iska da mai ta watsa shi tsakiya ya ƙone da sauri. In ka buɗe wannan tazara da gasket mai kauri, lambar matsi ta sauka a takarda, amma ka zubar da wani kaso na kariyar da kake nema.

Yankan ringi ne aikin da muka fi daɗewa muna kallo. Ringin da ake sayarwa don irin wannan inji ba ya zuwa a shirye, sai an goge bakinsa. Masta da kansa yake yi, ba ya bar wa yaro. Yana tura ringi cikin silindar da zai zauna, ya danna shi da kan fistin ya sauka kamar santimita biyu don ya daidaita, ya zura fila geji a tsakanin bakunan. Sai ya fitar, ya goga gefe guda kawai sau uku ko huɗu, daga waje zuwa ciki don kada rufin ringin ya ɓantare, ya share kaifin da ɗan dutse, ya mayar ya sake aunawa. Wani ringin sai ya shiga ya fita sau takwas. In ya gama, sai ya ɗora shi a kan farar takarda da aka zana wa gida shida, kowane ringi a gidan silindarsa. Ga silinda mai 86.5 da iska matsakaiciya, ringin sama yana samun wajen milimita 0.43 zuwa 0.46, na biyu 0.48 zuwa 0.50. Na biyun ya fi buɗewa ne don iskar da ta tsallake na sama ta samu hanya, kada ta taru a tsakani ta ɗaga na saman daga mazauninsa.

Me ya sa wannan ya kai a ɓata masa yini guda? Ringi ƙarfe ne, yana miƙewa da zafi, injin turbo kuwa ya fi kowane zafi. In tazarar ta yi kaɗan, bakunan biyu sai su haɗu, ringin ba shi da inda zai je, sai ya tokare bango ya fasa fistin. In ta ɗan yi yawa, abin da za ka rasa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka in za a kuskure, gara a kuskure ta ɓangaren buɗewa. Injuna da dama da ake cewa "turbo ne ya kashe shi", ringin da ba a auna ba ne.

Metal ma haka. Jonal ɗin kwanrod na 2JZ milimita 52 ne, na mazaunin karanshaf 62. Ƙa'idar da aka saba ita ce kusan kashi ɗaya cikin dubu na kaurin jonal, wato wajen 0.05 a kwanrod, 0.06 a mazauni, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Suna ɗaure metal a mazauninsa da cikakken ƙarfin noti, su auna da geji mai agogo, su cire kaurin jonal, sannan su tabbatar da Plastigage, zaren roba da ake matsewa a auna tazara. In ta matse, baƙin mai ba ya wucewa ya kwashe zafi. In ta buɗe, matsin mai sai ya faɗi lokacin da inji ya yi zafi. Kwanrod ƙirarru suke sawa da notin kamfanin ARP, suna shafa man da ya zo da notin kafin su ɗaure. A nan akwai ƙaramin gibi: ba su da gejin auna miƙewar noti, da tok renci kaɗai suke dogara, kuma tok rencin bai da shaidar ranar da aka gwada shi. A doki 450 za a iya haƙuri da wannan. Wanda ke neman fiye da haka ya sayi gejin ya kawo musu.

Babban abin da ba su da shi kuwa shi ne farantin da ake ɗaurewa a kan bulok lokacin honin, wato gogewar ƙarshe ta bangon silinda. Idan aka ɗaure top silinda da dogayen notin ARP, bakin silinda yana ɗan murɗewa. Honin da aka yi da farantin a ɗaure yana sa silinda ta zama da'ira a halin da za ta yi aiki. Bulok ɗin 2JZ mai kauri ne, yana yafe wannan fiye da bulok na alminiyam. Amma da mai Subaru ko Honda ne ya tambaye mu, za mu ce ya nemo farantin kafin a fara.

Gasket ɗin top mai ƙarfe hawa-hawa suke sawa, kuma irinsa ba ya son fuska mai kaushi. Gogewar da ta isa gasket na gama-gari ba ta ishe shi ba; in ka ja farce a fuskar bulok ka ji yana kamawa, zai yi yoyo. Sun taɓa mayar da top silinda wurin mai gogewa sau biyu a kan wannan kaɗai, kuma daidai suka yi.

Sai wanki. Yaro yana wanke silinda da ruwan zafi da sabulu da buroshi, ba da fetur ba, don fetur ba ya ɗaga ƙurar dutsen honin daga cikin zanen bango. Yana gamawa ya shafa farin ƙyalle mai ɗan mai, ya kai wa Masta. "Masta, ga shi." In akwai toka-toka a ƙyallen, amsar ɗaya ce: "Koma." Hanyoyin baƙin mai duk ana cire toshiyarsu a zura buroshi. Abin da ke rage wa wannan ƙoƙari daraja shi ne ɗakin da kansa. Ƙofarsa ba ta rufuwa da kyau, akwai masu gurza ƙarfe a maƙwabta, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Suna rufe inji da leda da dare, amma da rana a buɗe yake. Da mu ne masu mota, za mu tsara a haɗa injin a wajen waɗannan watanni, ko mu sayi labulen roba mu rataya musu.

A kan 2JZ akwai ƙananan abubuwa uku da suke canzawa ba tare da an roƙe su ba: famfon baƙin mai tare da sil ɗinsa na gaba, fulin karanshaf mai roba a tsakiya wanda ke rabuwa in ya tsufa, da taimin bel da abin ɗaure shi. A GE mai VVT-i, in bel ya tsinke bawul na iya haɗuwa da fistin. Ba wurin tsimi ba ne.

Zaɓin turbo nasu mai hankali ne. Lissafin da aka saba shi ne fam guda na iska a minti yana ba da kusan doki 10, don haka doki 450 na son turbon da ke tura fam 45 zuwa 50 cikin kwanciyar hankali. Wanda ya fi haka girma ba zai farka ba sai inji ya wuce juyi 4,500, a cunkoson Kejetia ko Sofoline kuwa motar za ta fi ta kamfani nauyi. Wesget, bawul ɗin da ke karkatar da hayaƙi don iska kada ta wuce iyaka, suna sa mai milimita 44 da sifirin mai laushi, wajen psi 8 zuwa 10, sai ƙwaƙwalwa ta ɗaga zuwa 17. Hikimar ita ce in wayar da ƙwaƙwalwa ke sarrafa wesget da ita ta tsinke, iska ƙasa za ta faɗo. Bututun da ke mayar da baƙin mai daga turbo suna yin sa da faɗin milimita 16, a miƙe ƙasa, ya shiga kwanon mai sama da inda man ke tsayawa, domin nauyinsa kaɗai ke saukar da shi. Yawancin turbon da ake cewa sil ɗinsa ya mutu don yana hayaƙi, wannan bututun ne ya lanƙwashe ko ya yi siriri. In turbon mai boris ne, suna sa matsatsi mai rami kusan milimita ɗaya a hanyar shigar mai. Walda ɗin manifol ɗinsu dai ba ta da kyan gani, kuma ba sa sa masa abin tallafe nauyin turbo sai ka nema. Ka nema, don hanyoyinmu masu ramuka suna tsaga manifol da ba a tallafe ba.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu bayan fetur. A ranar Maris da iska ke digiri 33, turbon da ke tura psi 17 yana fitar da iska mai kusan digiri 140. Intakula, na'urar da ke sanyaya iskar turbo, in mai kyau ce wadda iska ke ratsa ta sosai, za ta sauke ta zuwa wajen 60. Marar kyau, ko wadda aka ɓoye bayan bamba ba tare da an toshe gefuna ba, za ta bar ta sama da 80, ƙwanƙwasa kuma ta samu ƙofa. Suna yanka faranti su rufe tsakanin intakula da lagireto don iska kada ta zille ta gefe, abin da ba ya cin kuɗi amma yana aiki. Kuma ba sa cire tamostat, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu. Injin da aka auna tazararsa don ya yi aiki a digiri 85 zuwa 95, in aka bar shi a 60, fistin bai cika silinda ba, fetur yana wanke bango yana sauka cikin baƙin mai. Ruwan sanyaya inji na gaske suke zubawa, ba ruwan famfo ba, su ƙara abin sanyaya baƙin mai.

Lissafin fetur ɗinsu ma daidai ne. Doki 450 na shan wajen lita 165 a awa in an taka har ƙasa. Nozul shida, ba a son su wuce kashi 80 cikin 100 na buɗewarsu, sai lissafi ya ba da kusan cc 570 a minti kowanne, don haka suna sa na 650 zuwa 750. Famfon da aka rubuta wa lita 255 a awa ba ya ba da 255 idan matsin layi ya hau, domin kowane psi na iska sai matsin mai ya bi shi da psi guda, saboda haka a wannan ƙarfi yana kusa da iyakarsa. Suna ja masa waya mai kauri daga batir ta rile, don tsohuwar wayar mota tana rage masa wuta. Jabun famfo da jabun filogi sun cika kasuwa, a Kumasi da Abossey Okai ta Accra duka, kuma garejin ba ya karɓar wanda ba a san inda aka saye shi ba. Araha ba ta ado, balle a abin da in ya gaza na daƙiƙa biyu fistin zai narke. Filogi suna sa mai sanyi da mataki ɗaya ko biyu, a matse bakinsa zuwa milimita 0.6 ko 0.7 don iska mai ƙarfi kada ta hure wutar.

Yanzu ga inda suka gaza. Ba su da dayino, injin da ake ɗora mota a kai a gwada ta a tsaye, kuma ba su da mai saiti nasu. Wani saurayi suke kira da laftof, a fita bayan gari a yi ta takawa. Yana da sensar salansa mai faɗin karatu, wadda ke auna haɗin iska da fetur, kuma haɗin da yake nema daidai ne, lamda 0.78 zuwa 0.80 a cikakkiyar iska, wato kashi 11.5 zuwa 11.8 na iska ga kashi guda na fetur. Amma ba ya sauraron ƙwanƙwasa da abin kunne da ake ɗaurawa a bulok, da sensar kamfani yake dogara, ita kuwa fistin ƙirarre mai kaɗawa yana rikita ta. A kan titi ba za ka iya riƙe inji a juyi ɗaya da nauyi ɗaya ka ƙara taimin digiri-digiri ka ga inda ƙarfi ya daina ƙaruwa ba. Sai ya zama ana ƙara taimin har a ji ƙara sannan a ja baya, wato an riga an daki injin da aka ɓata wata biyu ana aunawa. Ga kuma haɗarin gudu a hanyar da mutane da babura ke tsallakawa, wanda shi kaɗai ya isa a ƙi.

Abin da ya fi damun mu shi ne ba ya kunna matakan kariya sai an ce ya kunna. Ƙwaƙwalwa irin su Haltech, Link ko ECUMaster duk suna iya yanke iska in ta wuce psi 20, su yanke wuta in matsin baƙin mai ko na fetur ya faɗi, su rage taimin in iskar shiga ta yi zafi. Kuɗin sensa biyu ne da aikin awa guda. Mai mota ya sa a rubuta wannan cikin yarjejeniya, ya kuma nemi saiti na biyu mai ƙarancin iska, psi 10 ko ƙasa, don ranar da tafiya ta kai shi inda babu RON 95. Mafi kyau dai shi ne a karɓi injin da saitin lallaɓawa, a gama horar da shi, sannan a kai motar inda akwai dayino da mai saitin da ke sauraron inji, ko da sai an je Accra.

Giya ba aikinsu ba ne, kuma suna faɗa. Otomatik ɗin da ya zo da GS300 da IS300 ba a yi shi don ninkin wannan ƙarfi ba, aƙalla yana son abin sanyaya mai da gyaran ciki. Birki da taya ma mai mota ne zai ji da su, kuma ya kamata su riga turbo shiga kasafi.

Kuɗinsu ya fi na maƙwabta nesa ba kusa ba. Kayan da ake odar su daga waje da dala ake lissafa su, aikin hannu da sidi, kuma suna rubuta kowanne daban, ba sa cusa riba a ɓoye cikin kuɗin kaya. Lokaci ne ba sa cikawa. In sun ce wata guda, ka sa biyu a ranka, wani jinkirin daga jiran kaya ne, wani daga mai borin, wani kuma daga Masta da ba ya yarda kowa ya taɓa ringi da metal sai shi.

Ranar tada inji suna cire filogi su juya shi da sitata har agogon mai ya motsa, su cika turbo da mai ta bututunsa, sannan su tayar. Baƙin mai na gama-gari suke fara sawa, ba sintetik ba, don ringi ya samu ya ci bango ya zauna. Bayan kilomita 50 na farko ana zubar da shi, a yanka filta a buɗe takardarta a rana a duba ko akwai ƙyalƙyalin metal. Daga nan har kilomita 1,000 ana tuƙi da iskar sifirin kaɗai, ana hawa ana sauka da juyi, ana barin giya ta riƙe mota a gangara, ba a barin inji yana aiki a tsaye na dogon lokaci. A kilomita 1,000 suna sake gwada matsin kowace silinda, su hura mata iska su ga kashi nawa ke zurarewa. In ya haura 10 cikin 100, ko wata silinda ta bambanta da 'yan'uwanta sosai, ba sa barin a ɗaga iska sai an gano dalili. Lambobin suna shiga shafin injin a littafin, ƙarƙashin na ranar da aka kwance shi.